Ƙarin ɗaki da ƙa'idar jan wuta: abin da magidantan Tasawa da Mayahi ya kamata su sani

Gidan Bahaushe ba ya rabuwa da gini. Da zarar an yi kaka a Tasawa da Mayahi, gero da wake da aya sun shiga kasuwa, ƴan ci-rani sun dawo daga Kano, Agadas ko Libiya da ɗan abin da suka tara, sai ka ga tulin yashi da bulo a ƙofar gidaje. Wannan yana yi wa ɗansa ɗakin amarya, wancan yana fitar da shago daga jikin katanga, wani kuma yana rushe tsohuwar shigifa ya ɗora ginin siminti da rufin kwano. Kuɗin bulo da siminti da ƙofa da fenti duk ana lissafa su tun kafin a haƙa tushe. Lantarki kuwa sai an kusa tarewa ake tunawa da shi, bayan aljihu ya riga ya bushe. A lokacin ne maigida zai ce a kirawo yaron nan ya jawo wa ɗakin wuta.

Yadda ake jawowar kusan iri ɗaya ne ko'ina. A kwance soket mafi kusa a ɗakin uwargida, a murɗa siririyar waya a jikinsa, a bi da ita ta kan katanga ko a rataya ta a reshen bedi, ta ratsa tsakar gida ta shige ƙarƙashin sabon kwano. Ƙwai ya kama, kowa ya yi hamdala. Bayan sati guda amarya ta tare da kayanta: firiji, fanka, talabijin, dutsen guga da abin dafa ruwa. Wayar da aka ja saboda ƙwai ɗaya ita ce za ta ɗauki wannan kaya duka.

Ƙa'idar aikin lantarki ba ta yarda da haka ba. A wurinta sabon ɗaki sabon layi ne, wanda dole ya faro daga allon rarraba wutar gida, da na'urar yanke wuta tasa, da waya mai kaurin da ya dace, da kariya ga jikin mutum. Waɗannan abubuwa a lokacin haƙa tushe ake shirya su, tare da magini.

Daga Katsina zuwa Gazawa

Gundumomin Tasawa da Mayahi, waɗanda kowacce ta haura mutum rabin miliyan a ƙidayar 2012, suna cikin shiyyar da kamfanin NIGELEC ke haɗa jihohin Maraɗi, Damagaram da Tawa. Babbar jijiyar wannan shiyya ita ce layin kilovolt 132 da ya taso daga Katsina ya sauka a Gazawa, maƙwabciyar Tasawa, tun 1994. Kafin 2023, kusan kashi 70 cikin ɗari na wutar da Nijar ke sha daga Najeriya take zuwa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Nijar, Najeriya ta katse wutar a farkon Agusta, ba ta maido ba sai a watan Maris na 2024. Watannin nan sun sa gidaje da shaguna da yawa sun nemi janareta, batir da faifan sola, kuma kowanne daga ciki an ɗaure shi ne a kan tsofaffin wayoyin da ke jikin bango.

A ƙasar baki ɗaya, kusan mutum ɗaya cikin biyar ne ke da lantarki, a karkara kuwa abin bai kai haka ba. Shirin Haské, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a Disambar 2021, da aikin hukumar ANPER mai kula da kai wuta karkara, duk suna neman ɗaga wannan adadi. Ma'anar haka ita ce garuruwa irin su Korgom, Urafan, Maijirgi da Kanambakashe za su ci gaba da samun gidajen da wuta ke shiga karon farko. Irin aikin da aka saba da shi tun yanzu, shi yara masu koyon sana'a za su gada.

Inda hannun kamfani ya tsaya

Nijar tana da dokar lantarki mai lamba 2016-05 ta ranar 17 ga Mayun 2016, da hukumar ARSE da aka kafa a 2015 don sa ido a kan harkar makamashi. A aikace, alhakin NIGELEC yana ƙarewa ne a mita, wadda a nan ake kira konter, da babban dijonkter da ke kusa da ita. Duk abin da ya wuce nan na mai gida ne. Jawo waya daga gaban mita kuwa satar wuta ce a idon doka.

Ma'aunin da ƙwararrun ƙasar ke bi a aikin cikin gida shi ne na Faransa mai suna NF C 15-100, kamar sauran ƙasashen yankin masu aiki da Faransanci. A Faransa, hukumar Consuel da aka kafa a 1964 ita ke duba sabon gini kafin a ba shi wuta. Kodebuwa tana da SECUREL, Sanigal tana da COSSUEL. Sai dai irin wannan bincike yakan zo ne ranar da za a sa mita. Ɗakin da aka ƙara bayan shekara goma, a bayan tsohuwar mita, babu jami'in da ke zuwa ya leƙa shi. Mai gida da mai aikin wuta su kaɗai suka san abin da ke cikin bangon.

Saboda haka tambayar farko ita ce: mitar gidan za ta iya? Gidan da ya yi rajistar kilowat 3 yana da kusan amper 14 a kan volt 220. Dutsen guga kaɗai yana cin wat 1,000 ko fiye, abin dafa ruwa yakan kai 1,500 zuwa 2,000, na'urar sanyaya ɗaki takan haura 1,000. Idan aka tara suka fi ƙarfin mita, dijonkter zai riƙa faɗuwa. Maganin shi ne a je ofishin kamfani a nemi ƙarin ƙarfi. Wanda ya sa aka tsallake dijonkter da guntuwar waya don ya daina faɗuwa, ya cire wa gidansa abu guda da ke hana waya kamawa da wuta.

Ɗaya da rabi, biyu da rabi

Masu aikin suna kiran waya da kaurinta. "Ɗaya da rabi", wato murabba'in milimita 1.5, ita ce ta fitilu: dijonkter ɗinta kada ya wuce amper 16, kuma kada a ɗora mata fitila fiye da 8. "Biyu da rabi" ita ce ta soket: dijonkter na amper 20, soket 12 iyaka. Murhun lantarki yana buƙatar waya mai kauri 6 da dijonkter na amper 32. Duk na'ura mai cin wuta sosai, kamar ta sanyaya ɗaki ko injin wanki, ana ja mata layinta ita kaɗai. Hikimar raba fitila da soket a fili take: idan firiji ya lalace ya kashe layinsa da tsakar dare, ɗakin ba zai faɗa duhu ba.

Dijonkter waya yake karewa. Aikinsa ya yanke wuta kafin wayar ta yi zafin da zai narkar da rigarta. Idan aka sa na amper 32 a kan waya ɗaya da rabi, wayar za ta ƙone tun dijonkter bai ji komai ba.

Nisa ma yana da nasa lissafi, kuma gidajenmu masu faɗi ne. A ɗauka daga allo zuwa sabon ɗaki tsawon mita 30 ne, ana jan amper 10. Waya biyu da rabi za ta zubar da volt 5 da ɗoriya a hanya. Ɗaya da rabi za ta zubar da 9. Siririyar nan mai 0.75 da ake saya a kan tebur a kasuwa za ta zubar da 18, kuma wat 180 zai koma zafi a jikinta, a ƙarƙashin kwano ko a jikin azara. Ma'aunin ya ƙayyade asarar kada ta wuce kashi 3 cikin ɗari ga fitilu, kashi 5 ga sauran kaya. Idan wuta ta iso da rauni, injin firiji yakan yi ta gurnani bai tashi ba har ya ƙone, a ɗora laifin a kan mai sayar da firijin.

Zafin ƙasarmu yana ƙara matsa wa waya. Jadawalin ƙarfin waya an yi shi ne a kan zafin digiri 30. A digiri 45, waya mai rigar roba kashi 79 cikin ɗari na ƙarfinta kawai take iya ɗauka. A digiri 50, kashi 71. Duk wanda ya taɓa hawa silin a watan Afrilu a Mayahi ya san zafin da ke tsakanin kwano da silin. Don haka a nan ya kamata a riƙa ƙara kauri a kan abin da littafi ya faɗa.

Sai kuma jabun waya. A yanka bakinta da wuƙa a kankare: idan jan ƙarfen ya kankaru fari ya bayyana a ciki, gorar ruwa ce aka yi wa rufin tagulla. Gorar ruwa ba ta iya ɗaukar wutar da tagulla mai kauri ɗaya da ita ke ɗauka, kuma tana saurin karyewa a wurin ɗauri. Wata kuma tagullar ce, amma kaurin da aka rubuta a jikinta ya fi na gaskiya. Araha ba ta ado.

Na'urar da ke kare rai, da matsalar yashi

Wutar da ke kashe mutum ba ta da yawa. Daga miliamper 30, idan ta ratsa ƙirji ta ɗan jima, numfashi da bugun zuciya suna shiga haɗari. Dijonkter na amper 20 ba ya ko motsi a kan wannan ɗan adadi. Shi ya sa ma'aunin ya wajabta wata na'ura daban a kan duk layukan gida, wadda masu aikin ke kira diferansiyel na miliamper 30. Tana auna wutar da ta fita da wadda ta dawo. In ta ga giɓi, alamar wuta ta bi ta jikin mutum ko ta jikin ƙarfe zuwa ƙasa, sai ta yanke kafin ƙiftawar ido. Tana da ɗan maɓallin gwaji a fuskarta, wanda ya kamata a riƙa dannawa lokaci-lokaci. Idan aka danna wuta ba ta ɗauke ba, na'urar ta mutu. Kuɗin mai kyau bai kai na katifar amarya ba.

Abokiyar aikinta ita ce wayar ƙasa, mai launin kore da ɗorawa, wadda ke haɗa jikin firiji da sauran kayan ƙarfe da ƙasa. Ma'aunin ya ce idan babban dijonkter na miliamper 500 ne, turjiyar ƙasa kada ta wuce om 100. A nan yanayin Tasawa da Mayahi ya shigo. Ban da kwarin Gulbin Kaba da fadamu, yawancin ƙasar jigawa ce, yashi busasshe wata bakwai ko takwas a shekara, kuma busasshen yashi ba ya karɓar wuta. A irin wannan ƙasa, sandar ƙarfe mai tsawon mita 2 tana iya ba da om 500 a tsakiyar rani, ninki biyar na abin da aka yarda. Mai aiki ya kafa sanda da damina ya ga komai lafiya, watan Maris na zuwa kariyar ta ɓace.

Mafita biyu ce, kuma duka ana so. Ta farko, tun ana haƙa tushen ɗakin a shimfiɗa tsirarar wayar tagulla mai kauri 25 ta zagaye ramin kafin a zuba kankare. Tsawonta da zurfinta suna ba ta haɗuwa da ƙasa fiye da sanda guda, kuma da an rufe tushe damar ta wuce. Idan gini ya riga ya tashi, sai a kafa sanduna da yawa a wuri mai danshi, a haɗe su, a kuma haɗa da wayar ƙasa ta tsohon gini. Ta biyu ita ce diferansiyel ɗin nan na miliamper 30, domin shi yana aiki ko da turjiyar ƙasa ta kai om ɗaruruwa. A ƙasa mai yashi, gidan da ba shi da shi kusan ba shi da kariya ga mutum.

Baƙar waya: makaranta biyu a bango ɗaya

Kusancin yankin da iyaka ya haifar da wani haɗari na daban. Kayan lantarki da yawa daga kasuwannin Kano, Katsina da Jibiya suke shigowa, haka ma samari da dama can suka koyo sana'ar. Najeriya ta gaji tsarin Ingila: filogi mai ƙafa uku masu faɗi da fis a cikinsa, kuma a tsohon launin da har yanzu ake aiki da shi, ja ita ce mai wuta, baƙa ita ce ta dawowa. A tsarin Faransa kuwa shuɗiya ce ta dawowa, baƙa tana iya zama mai wuta kamar ja da ruwan ƙasa.

Idan wanda ya yi tsohon gini a Maraɗi ya koya, wanda ya zo yin ƙarin ɗaki kuma a Katsina, baƙar waya guda tana da ma'ana biyu a bango ɗaya. Wanda ya kama ta da tunanin ba ta da wuta yana iya rasa ransa. Ko kuma a ɗaura makunni a kan wayar dawowa: ƙwai ya mutu idan an kashe, amma wutar tana nan a bakinsa tana jiran mai canza ƙwai. Ƙa'ida ta ce makunni wayar wuta yake yankewa. Mai aikin kirki ba ya dogara da launi a tsohon gini, sai ya gwada kowace waya da na'ura, sannan ya bi launi ɗaya a gidan duka.

Bambancin filogi ma yana da illa. Ana tura filogi mai faɗi cikin soket mai zagaye da ƙarfin tsiya, ko a yanke filogin a cusa tsirarun wayoyi a danne da tsinken ashana, ko a jera adafta uku a kan juna. Duk haɗin da bai kama sosai ba yana zafi. Soket ɗin da bakinsa ya yi baƙi-baƙi, robarsa ta lanƙwashe, yana warin ƙonanniyar leda, ya riga ya ba da sanarwa. Canza filogi zuwa irin na soket ɗin gidan ya fi sauƙi da aminci.

Tsakar gida da makewayi

Wayar da za ta ratsa tsakar gida ba a rataye ta inda za a shanya mata wanki, ko akuya ta tauna, ko bakin kwano ya yanke ta. Ana amfani da kebul mai riga biyu da aka yi don waje, a zura shi cikin bututu, a binne a zurfin santimita 50 aƙalla, 85 inda mota ko amalanke ke bi, a shimfiɗa jar ragar gargaɗi a samansa don mai haƙa ramin shuka ko na salga ya gani kafin diga ta taɓa. A cikin ɗaki, wayoyi cikin bututu suke tafiya, a miƙe, tsaye ko kwance, yadda mai buga ƙusa zai iya hasashen inda suke. Haɗi kuma cikin akwatin haɗi ake yin sa da abin ɗaure waya da ake kira domino, inda za a iya buɗewa a duba. Murɗa waya biyu a naɗe da leda shi ne mafarin gobara da yawa, musamman kusa da azara, zana da katakon silin.

Ma'aunin ya tanadi aƙalla soket 3 a ɗakin kwana, 5 a falo, kuma masu murfin ciki da ke hana yaro zura ƙusa. Wannan ba almubazzaranci ba ne: ɗakin da aka yi wa soket ɗaya, doguwar waya mai baki shida ce za ta cike giɓin, a kwance a kan kafet.

Makewayi mai shawa shi ne wuri mafi haɗari, domin jiƙaƙƙen jiki da ƙafa ba takalmi suna buɗe wa wuta hanya. Ba a sa soket na yau da kullum a wurin wanka, ko cikin santimita 60 daga gefensa, har zuwa tsayin mita 2.25. Fitilar wurin ta zama mai rufi, bututun ƙarfe kuma a haɗe su da wayar ƙasa. Tsoma abin dafa ruwa cikin bokiti a sa hannu a ji ko ya yi zafi al'ada ce da ta kamata a bari.

Janareta da sola

Gidan da ke da janareta ko inbata yana buƙatar makunnin sauya layi, wanda ke raba gidan da layin kamfani kafin ya haɗa shi da injin. Masu cusa wayar janareta cikin soket suna mayar da wuta kan layin unguwa, inda ma'aikacin da ya hau fal yake da tabbacin an kashe. Shi kansa injin a waje ake ajiye shi, nesa da taga, saboda hayaƙinsa yana kisa ba tare da wari ba.

A ƙauyukan da layi bai kai ba, sola ce madogara, kuma ana raina haɗarinta saboda volt 12 ba ya jan mutum. Amma kayan wat 240 a kan volt 12 amper 20 suke ja, don haka wayar batir kauri take so, da fis dab da kan batirin. Batir mai ruwa yana fitar da iska mai kamawa da wuta idan yana caji. Wurinsa inda iska ke shiga, ba ƙarƙashin gado ba.

Idan tsautsayi ya faru, a fara kashe wuta daga allo kafin a taɓa wanda ta kama. Gobarar lantarki ba a watsa mata ruwa muddin layin na da wuta. Yashi ya fi. Lambar ƴan kwana-kwana 18 ce.

Kafin a biya cikon kuɗi

Jihar Maraɗi ba ta rasa masana ba. Makarantar fasaha ta Ɗan Kasawa, Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo da cibiyoyin koyon sana'a suna yaye matasan da suka san wannan ma'auni. Abin da ke karya musu gwiwa shi ne mai gida da ke zaɓar wanda ya fi sauƙin kuɗi, har mai ilimin ma ya koyi rage kaya don ya samu aiki. Ofisoshin magajin gari da ke ba da izinin gini, da ƙungiyoyin masu sana'a, suna iya taimakawa ta hanyar sanar da jama'a waɗanda suka cancanta.

Kafin nan, ikon yana hannun mai biyan kuɗi. Ya kira mai wuta rana ɗaya da magini. Ya sayi waya da idonsa, ya kankare bakinta. Ranar karɓar aiki ya tsaya a gaban allo ya ce: "Malam, nuna mini dijonkter ɗin sabon ɗakin." A kashe shi a ga ɗakin kaɗai ya ɗauke. A danna maɓallin gwajin diferansiyel a gabansa. A auna wayar ƙasa a faɗa masa adadin, in da hali a sake aunawa da rani. A rubuta sunan kowane layi a jikin allo, a bar gurbi kamar kashi ɗaya cikin biyar, domin gidan zai sake ƙaruwa. Mai aikin da ya san sana'arsa zai yi maraba da waɗannan tambayoyi, wanda ya yi fushi da su kuwa bai cancanci a ba shi ɗakin da iyali za su kwana a ciki ba.